Diplomar Koci Maliki ta Yugoslaviya

Ran Litinin da hantsi Maliki ya sauke diplomarsa daga bangon shago, ya goge gilashinta da hannun riga, ya naɗe ta a ragowar shadda, ya hau moto, wato acaɓa, zuwa unguwar Tsinga. Shekararsa sittin da shida. Tela ne ɗan tela, kakansa ya zo daga Kano ya kafa keken ɗinki a Briqueterie tun unguwar ba ta cika ba. Amma ba mai ce masa tela. Daga bakin masallaci har layin masu tsire, Koci ake kiransa, domin shekara talatin da biyar ke nan yana koyar da ƙwallon kwando a filin simintin da ke bayan makarantar firamare. A shekaru goman baya ƙungiyar mata ce a hannunsa, Zumunta.

Abin da ya fito da shi kuwa sabuwar doka ce. Kwamitin gasar unguwanni ya ce bana ba kocin da zai zauna a benci sai mai lisans, wato lasisin koci, kuma ba a ba da lisans sai an ga diploma. Maliki bai damu ba. Sakataren kwamitin, Musaddiq, ɗan unguwarsu ne, a hannunsa ya koyi riƙe ƙwallo.

Yana shiga ofis Musaddiq ya miƙe tsaye.

"Baba Koci! Da ka aiko ai da na zo har gida."

"Ƙafata ba ta karye ba. Ga takardarku, rubuta min na tafi, na bar ɗinkin mutane."

Musaddiq ya karɓa da hannu biyu, ya zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ya fara bugawa. Ya sa suna, ya sa shekarar haihuwa. Da ya zo gurbin ƙasar da ta ba da diploma sai hannunsa ya tsaya. Ya gangara cikin jerin sunaye, ya dawo sama, ya sake gangarawa.

"Baba, babu ta."

"Babu me?"

"Yugoslaviya. Ka duba, daga Yémen sai Zambie."

"To rubuta da hannu."

"Ba a rubutawa, zaɓa ake yi. Sistem ɗin ba ya karɓar abin da ba ya ciki."

Maliki ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga Musaddiq bai ɗago ba sai dariyar ta tsaya. Musaddiq ya yi bayani idonsa na kan tebur. Ya ce bara an kama diplomomin bogi har uku, shi ya sa shugaban kwamiti ya tsaurara. Duk takardar da ta fito daga waje, sai hukumar da ta ba da ita ta aiko da tabbaci. In ba haka ba, akwai sitaj, wato kwas, na masu farawa nan da sati shida, mutum ya yi mako biyu a aji, ya rubuta jarrabawa.

"Na masu farawa," in ji Maliki.

"Suna ne kawai, Baba."

"Kai, Musaddiq, dube ni. Wa ya koya maka jifa da hannun hagu? Wa ya tsaya a kanka wata uku kana kuka kana cewa ba za ka iya ba? Yau ni za ka ce wa mai farawa?"

"Ba ni na ce ba. Doka ce."

"Ran Asabar muna da wasa."

"Na sani, Baba."

Maliki ya fizge diplomar, bai ko tsaya naɗe ta ba. Ya fita bai yi sallama ba, ƙofar ta bugu har magatakardan ofishin gefe ya leƙo.

Wannan takarda ba tsintar ta ya yi ba. A shekarar 1988 aka zaɓe shi cikin 'yan Afirka goma sha ɗaya zuwa kwas ɗin koci na wata uku a Belgrade, ƙarƙashin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Yugoslaviya. A lokacin duk wanda ya san kwando ya san wannan suna. Tun 1948 aka kafa hukumar, ta fara da filaye a waje da ƙwallayen da ba su kai sun kawo ba, amma kafin Maliki ya je ta riga ta ci kofin duniya sau biyu, ta ci zinare a Olamfik na Mosko. Ya sha sanyin da bai taɓa sanin akwai irinsa ba. Malamansu uku ne, daga sassa uku na ƙasar. Babbansu, wani dogo mai suna Dragoslav, ba ya barin kowa ya taɓa ƙwallo sai ya yi sati biyu yana koyon taka ƙafa. Ƙaraminsu Musulmi ne ɗan Bosniya, shi yake raka Maliki Juma'a. Ranar rufe kwas aka kira sunansa a gaban jama'a, aka ba shi takarda mai hatimi.

Ya dawo gida, bayan shekara biyu ƙungiyar Yugoslaviya ta sake cin kofin duniya, ya yi ta yawo a unguwa kamar shi ya ci. Da shekara ta kewayo suka ci na Turai a Roma, amma tun kafin a gama gasar aka kira ɗaya daga cikin 'yan wasan aka ce ya janye, yankinsu ya ɓalle. Daga nan sai labarin yaƙi a rediyo. Wasiƙun Dragoslav suka daina zuwa. Ƙasar ta tsattsage, kowane yanki ya kafa tasa hukumar. Sunan ya ɗan ƙara jan shekaru a kan ɓangare guda, shi ma daga baya aka goge shi. Maliki ya bi duk wannan da zafin rai, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa wata rana abin zai biyo shi har Tsinga ba.

Ran Asabar da la'asar Zumunta ta je Elig-Edzoa wasan buɗe gasa. Maliki ya sa farar rigarsa ta wasa, ya rataya usur, ya zauna a benci kamar kullum. Ana shirin jefa ƙwallo sai kwamishinan wasa, wani saurayi mai riƙe da fayil, ya nufo shi.

"Papa, votre licence."

"Ni ne lisans ɗin. Tambayi duk wanda ke filin nan."

"In babu, sai ku koma bayan wayar shinge. In kun ƙi, ƙungiyarku ta faɗi ba a buga ba."

Safinatu, kyaftin ɗin Zumunta, ta matso. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a shagon buga takardu a Ekoudou, kuma ita ce ba ta tsoron gaya wa Koci gaskiya.

"Baba Koci, ka tashi don Allah. Kar su ci mu a takarda."

Ya tashi. 'Yan kallo sun fi ɗari, rabinsu 'yan Briqueterie da suka biyo ƙungiya. Ya ratsa ta gabansu da tsayinsa duka, ya fita ta ƙofar filin, ya tsaya bayan waya tsakanin mai sayar da lemo da masu moto. Wani ya yi ihu, "An kori Koci!" wasu suka yi dariya.

Minti biyu kawai ya iya yin shiru. Da ya ga an ratsa tsaronsu sau uku a jere, sai ya kama waya da hannu biyu ya fara.

"Bintu! Ƙafarki! Kin tsaya kamar turmi! Safinatu, rufe tsakiya!"

Alƙalin wasa ya gargaɗe shi sau ɗaya. A na biyu ya busa laifi a kan Zumunta, ya ce wanda ba shi da lisans yana ba da umarni. A na uku Safinatu da kanta ta juyo ta haɗa hannu tana roƙonsa. Sannan ya bari. An cinye su da tazarar maki goma sha tara.

Ana tashi ya hango Musaddiq a teburin jami'ai yana sa hannu a takarda. Ya tafi kai tsaye.

"Ka ji daɗi? Ka zo ka ga an fitar da ni kamar ɓarawon takalmi, ka ji daɗi?"

"Baba, mutane na kallo."

"Su kalla! Ɗazu ba su kalla ba? Ku da ba ku san inda Belgrade take a taswira ba, ku ne za ku ce takardata ta mutu? Ƙasa ce ta mutu, ni ina nan da raina! Abin da na koya yana cikin kaina, ba a cikin ordinatarka ba!"

Safinatu da Bintu suka ja Koci ta hannu har bakin titi.

Washegari Safinatu ta zo shago da wayarta. Ta ce tunda tabbaci suke so, a nemo musu. Ta ɗauki hoton diplomar gaba da baya, ta nemo adireshin hukumomin da suka gaji tsohuwar, ta rubuta wa kowacce da Faransanci da Turanci. Maliki na tsaye a kanta yana faɗin abin da za ta sa, tana rage zafin kalmomin ba tare da ta gaya masa ba.

Sati uku ana jira. A cikinsu Zumunta ta buga wasa uku, ta faɗi biyu. Maliki yana horar da su a unguwa ran Talata da Alhamis, ran Asabar kuma ya tsaya bayan waya ya cije leɓe. A shago ya ɓata wuyan riga biyu, abin da bai taɓa yi ba. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sha labarin Yémen da Zambie, har abokan hirarsa suka fara sauya hanya.

Hukumomi biyu suka amsa da ladabi cewa an kafa su ne bayan shekarar, tsofaffin takardu ba sa hannunsu. Sai ran wata Laraba saƙo ya zo daga Belgrade. Wata ma'aikaciya ta shiga ɗakin ajiya, ta samo rajistar kwas ɗin 1988, ta ɗauki hoton shafin. Ga sunansa na bakwai a jeri, ga makinsa, ga sa hannun Dragoslav a ƙasa. Ta haɗa da wasiƙa mai hatimi. A layin ƙarshe ta ƙara da cewa malamin da ya sa hannun ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Maliki ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce Safinatu ta ƙara girman sa hannun, ta ƙara. Can ya ce ta buga masa a takarda mai kauri.

Da kansa ya kai Tsinga. Musaddiq ya karanta, fuskarsa ta washe, ya ce zai shigar gaban kwamiti ran Juma'a. Ran Litinin amsa ta fito, layi huɗu. Kwamiti ya ce doka ta tanadi tabbaci daga hukumar da ta ba da diploma. Diplomar ta fito daga hukuma mai suna ɗaya, wasiƙar ta fito daga hukuma mai wani sunan. Don haka ba a karɓa ba.

Maliki ya karanta a tsaye a gaban Musaddiq, ya sake karantawa.

"Wato so kuke matacciya ta tashi ta rubuto muku wasiƙa."

"Na yi magana, Baba, wallahi na yi. Shugaba ya ce in aka buɗe ƙofa ga mutum ɗaya…"

"Ka yi magana. Da wace murya? Irin wadda kake min yanzu, kamar kazar da ruwa ya doka?"

"Aikin nan da shi nake ci da iyalina."

"Ni kuma da me na ci da kai shekara takwas a fili? Da iska?"

Ya yayyaga amsar kwamitin gida huɗu, ya zuba a kan madannan ordinatar, ya fita.

A gida ya ƙi cin abincin rana. Matarsa Tasalla ta ajiye kwanon a gabansa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana tsinke zogale. Shekara talatin da takwas suna tare, ta san lokacin da ake barinsa ya huce da lokacin da ba a bari.

"Malam, sitaj ɗin nan yaushe ne?"

"Kar ki soma."

"Tambaya na yi."

"Litinin mai zuwa. Kuma ko gawata ba za ta je ba."

"To. Sai ka ci gaba da tsayawa bayan waya kana haushi, yaran mutane suna shan kashi. Jiya uwar Bintu ta tare ni a kasuwa, ta ce 'yarta na cewa za ta daina. Kai kana faɗa da Musaddiq, su ne ke biyan kuɗin faɗan da jikinsu."

"Ki ce in je in zauna da jikokina a aji, wani yaro ya koya min yadda ake riƙe ƙwallo?"

"Ka je ka zauna. Zaman zai rage maka tsawo ne? Fushin kuma ba wanda ya ce ka bar shi a gida, tafi da abinka."

Ya jawo kwanon ya ci, yana ci yana tsaki.

Ran Litinin ya je. Ajin wata makarantar sakandare ce aka ara a Tsinga, bencinan ɗalibai ƙanana, gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin tebur ba sai ya zauna a karkace. Su ashirin da uku ne, babbansu bayan shi bai kai talatin da biyar ba. Shida daga ciki tsofaffin 'yan wasansa ne, suka yi ta sunkuyar da kai. Safinatu ma ta yi rajista, ta ce gara ƙungiya ta sami lisans biyu. Mai koyarwa kuwa da ya shigo da tarin takardu a hammata, Musaddiq ne. Da suka haɗa ido sai da ya yi tuntuɓe da dandamalin allo.

Aka raba littafin kwas, fotokwafi ne mai shafi arba'in da aka ɗinke da zare. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kwamitin gasa ne ya shirya, ƙarƙashin kulawar sakatare. Maliki ya buɗe ba da niyyar karantawa ba. Shafin farko bugun inji ne. Na biyu ma haka. A na biyar ya ga zanen fili, da 'yan da'irori da kibiyoyi, da wata lamba bakwai mai ƙugiya a ƙafa. Duk duniya mutum ɗaya ya sani mai rubuta bakwai haka.

Ya buɗa gaba da sauri. Shafi na tara, na sha biyu, na sha uku, har ƙarshe. Zanensa ne duka, daga littafin da ya cika da hannunsa a Belgrade, mai baƙin bango. An sake buga bayanin da inji, an bar zanen yadda yake. A kusurwar shafi na ashirin har inuwar ɗigon shayin da ya zube masa ta fito. Sai ya tuna. Shekara tara da suka wuce Musaddiq ya zo ya ari littafin, ya ce kwana biyu, ya dawo da shi bayan sati. Sunan Maliki bai fito ko'ina ba, na Dragoslav ma haka.

Musaddiq yana allo yana bayanin tsayuwar mai tsaro. Maliki ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malam, ina da tambaya."

Musaddiq ya juyo daga allo.

"Na'am, Baba Koci."

"Shafi na sha bakwai. Mai tsaron baya, ina zai tafi in ƙwallo ta shiga kusurwa?"

Musaddiq ya duba. "Zai bi kibiya, ya fita gefe."

"In ya fita gefe wa ya rage a ƙarƙashin kwando?"

Musaddiq ya sake duba shafin.

"Ba kowa," in ji Maliki. "Kibiyar nan kuskure ce. Ranar hannuna ya ƙage don sanyi, na ja ta ta inda ba daidai ba. Malamina ya gani ya buge min kai da biro, na gyara da jan alƙalami. Ja ba ya fita a injinku, shi ya sa kuka kwafi kuskuren kuka bar gyaran. Shekara nawa kuna koya wa mutane wannan?"

Ya miƙe, bencin ya yi ƙara. Ya ɗaga littafin sama yana juyawa don kowa ya gani.

"Ku duba da kyau. Wannan hannuna ne. Wannan bakwai ɗin tawa ce. Wannan tabon, shayina ne. Duk abin da ke cikin nan daga hukumar da suka ce babu ita ya fito. Takardarta ba ta da amfani, amma karatunta yana da daɗin sata! Kun kore ni daga benci a gaban unguwata, kun ce in zo in koyi abin da na rubuta tun ba a yaye wasunku ba, kuma ko sunan mamacin da ya koyar da shi ba ku iya sawa ba!"

"Baba, ba sata ba ce," in ji Musaddiq. "Ba mu da wani littafi. Na ga yana da kyau, na ce ya amfani mutane."

"Ya amfani mutane da sunan wa? Ran Juma'ar da kuka zauna a kan wasiƙata, ka buɗe baki ka ce wa shugabanka, littafin da muke ba da lisans da shi na mutumin nan ne? Ka faɗa?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai.

"Ban faɗa ba."

"Don me?"

"Da na faɗa, da ya tambaye ni dalilin da ya sa na ce ni na shirya."

Wani daga baya ya yi salati a hankali. Maliki ya tsaya yana huci. Ya taka zuwa allo, ya miƙa hannu, Musaddiq ya sa masa alli a tafi. Ya zana filin, ya ja kibiyar inda ya kamata, ya ce kowa ya gyara a littafinsa. Takardu suka yi ta ƙara. Da ya gama ya ajiye allin, ya koma bencinsa ya zauna a karkace.

"Ci gaba, Malam. Ɗalibinka na saurare."

Da aka tashi Musaddiq ya bi shi har bakin ƙofar makaranta. Ya ce ba sai ya sake zuwa ba, zai sa masa maki, lisans zai same shi har shago.

"Wato bayan sata kuma ka ƙara da maguɗi, ka sa ni ciki. A'a. Kullum zan zo. Zan zauna a gabanka mako biyu cur, ka koya min littafina shafi-shafi kana kallon idona."

Haka kuwa aka yi. Bai yi fashi ba, bai makara ba. Kullum yana benci na gaba, kuma kullum sai ya ɗaga hannu. Kafin mako na biyu ɗaliban sun daina duban allo in an yi tambaya, shi suke juyowa su duba. Musaddiq ya rame a tsaye. Ran jarrabawa Maliki ya gama cikin minti ashirin, ya ƙara da gyaran tambaya ta shida a gefen takarda.

Lisans ya fito, ɗan kati mai hotonsa, an rubuta Niveau 1, matakin farko. Safinatu ma ta samu. A bugu na gaba na littafin kwas an ƙara layi ɗaya a ƙasan bango da ƙananan baƙaƙe, cewa an ɗauko zane daga littafin M. Maliki. Sunan Dragoslav bai shiga ba, dokar kuma ba a taɓa ta ba. Zumunta ta farfaɗo a zagaye na biyu, ta ƙare ta biyar cikin takwas, maki ɗaya ya hana ta shiga wasan kusa da ƙarshe. Maliki ya ce wasannin da ya kalla ta bayan waya ne suka jawo, kuma ba wanda ya yi masa musu.

Da Babbar Salla Musaddiq ya zo gaisuwa da cinyar rago. Ya yi sallama, Maliki ya amsa saboda amsa sallama wajibi ce, bai ƙara ko harafi ba. Tasalla ce ta karɓi naman, ta tambayi iyali, ta raka shi ƙofa. Da ta dawo ta ce, "Malam, yaron nan ya yi nadama." Ya ce nadamar da ba ta kai gaban shugaban kwamiti ba, ta zauna inda take.

Bayan Salla da sati biyu, yana shago yana yanka yadi, sai wani dattijo gajere mai sanda ya yi sallama. Sai da ya cire tabarau Maliki ya gane shi. Mohaman Bello ne, kocin maza na Ekoudou, abokin hamayyarsa na shekara talatin, wanda ba su taɓa rabuwa a fili ba tare da sun yi cacar baki ba. Duk bana bai gan shi a gasa ba, ya ɗauka ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi.

Mohaman Bello ya zauna, ya zaro wata takarda daga cikin leda, ya shimfiɗa a kan teburin yanka. Rubutun ba na boko ba ne irin wanda aka saba, a sama ga guduma da lauje.

"Kiev, quatre-vingt-cinq," in ji shi, wato 1985, ya ci gaba da Hausarsa mai garɗin Fulatanci. "Tarayyar Sobiyet. Sun ce ita ma babu ta a cikin inji. Ni ban iya faɗa irin naka ba, na koma gida na zauna. Yarana sun watse, uku sun koma Tsinga."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon gasa."

"Kuma ka yi shiru? Wata bakwai kana zaune a ɗaki kamar mai takaba, ba ka zo ka gaya min ba?"

"Ni da kai muna magana ne?"

Maliki ya jefar da almakashi a kan tebur. Ya ɗauki waya ya kira Safinatu, ya ce ta bar abin da take yi ta buga masa takardar koke, ta bar wurin sa hannu mai yawa, don zai bi tsofaffin 'yan wasa gida-gida daga Briqueterie har Elig-Edzoa. Ya ce a wannan karon kar ta rage masa kalma ko ɗaya, ya san tana yi.

Ya kashe wayar, ya jawo hularsa.

"Tashi mu je."

"Ina?"

"Gidan shugaban kwamitin. Ba ofis ba, gida, inda maƙwabtansa za su ji."

"Maliki, ƙafata ba ta hawa moto."

"To mu ɗauki taksi. Kuma in mun isa kar ka buɗe baki, kai ko faɗa da alƙalin wasa ba ka taɓa iyawa ba."

Mohaman Bello ya mayar da takardarsa cikin leda yana gunaguni, ya dogara sanda ya miƙe. Maliki ya ja ƙofar shago ya datse, yadin mutane na shimfiɗe a tebur rabi a yanke.